Kwalbar da Ba Takarda a Jikinta

A garinmu Mildura babu macen da za ta buɗe kwalbar ganyen inabi ta hau naɗi haka nan. Sai ta fara yagar gefen ganye ɗaya ta sa a baki, ta ji ƙarfin gishirinsa, sannan ta san ko jiƙo ɗaya zai ishe shi ko sai an sake masa ruwa. Haka uwayenmu suka yi a Turkiyya, haka muke yi a nan, ba wadda ta taɓa tsayawa ta yi tunani a kai. Wannan ɗan ɗanɗanon ne ya kwantar da Perihan, matar mai shagon nama, a shekarar da Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar zafi.

Ta naɗe sarmarta, wato ganyen inabi da ake naɗe haɗin shinkafa da albasa da na'ana'a a ciki, ta dafa, mutanen gida suka ci suka lashe yatsu, ko ciwon kai ba wanda ya yi, don wuta ta riga ta kashe abin da ke ciki. Ita kaɗai da ta ci ɗanye ta tashi washegari tana ganin mijinta biyu. Da farko har dariya aka yi, ta ce ɗayan ma da ƙyar take iya masa. Kafin la'asar fatar idonta ta sauko ta ƙi ɗaguwa, ruwa ya ƙi wucewa a maƙogwaro. Jirgin asibiti ne ya ɗauke ta zuwa Melbourne, aka haɗa ta da injin da ke yi mata numfashi. Likitoci suka ce wata guba ce da ke tsirowa a kwalbar da gishiri bai ishe ta ba idan ta sha zafi, kuma ba lallai ta yi wari ko ta canja launi ba. Suka ce a kawo kwalbar. Da aka kawo, ga hoton maƙwabciyata Nazmiye a jiki tana murmushi, ga sunanta da manyan haruffa.

Tun zuwanmu ƙasar nan Nazmiye take cika kwalabe duk bazara, ba ta taɓa liƙa wa ko ɗaya takarda ba. Ba ta iya rubutu ba, ba ta kuma ga amfaninsa a kan kwalba ba. Zare take ɗaurawa a wuya: fari na tsinkar farko, baƙi na ganyen da ya fara tauri, shuɗi na kyauta. A shekarar nan ta ƙara ja. Likita ya hana mijinta Remzi gishiri saboda hawan jini, shi kuwa Remzi da a hana shi sarma gara a ce masa ya kwanta ya mutu. Sai ta cika masa nasa daban, ƙananan ganye masu laushi saboda haƙoransa, gishirin ɗan barbaɗe, ta ɗaura jan zare, ta jera su a tsohon firjin da ke rumfar bayan gida. Ta san sarai irin waɗannan ba sa jure zafi.

Ɗanta Erdal kuwa ya daɗe yana damun ta. Yakan ce, "Inna, na shago da ake kawowa daga waje ba su kama ƙafar naki ba, takarda kawai suka fi ki." A satin da take jinyar Remzi a asibiti, shi da matarsa suka shiga rumfar, wai za su ba ta mamaki. Suka kwaso komai, har na cikin firji, suka yanke zarurrukan don suna sa kaya su yi kama da na ƙauye, suka goge kwalaben tas, suka liƙa wa kowacce takarda iri ɗaya. An rubuta ganyen inabi, ruwa, gishiri. Firjin ma Erdal ya cire shi daga wuta, ya ce ban da cin lantarki ba abin da yake yi. Har yau idan na ga Erdal sai na ji raina ya ɓaci, ko da yake na san da zuciya ɗaya ya yi.

Ina wurin ranar da suka dawo daga asibiti. Nazmiye ta tsaya a bakin rumfa tana kallon fuskarta jere a kan katako, sahu bayan sahu. Remzi ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya ta, ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce madalla. Da maza suka shiga gida sai na ja ta gefe.

"Yaya, ina zaren?"

"Rufa min asiri, Gulizar," ta ce. "Yaron nan tun da ya tashi ban taɓa jin ubansa ya ce masa madalla ba sai yau. Ki bar shi da abinsa. Ni na cika su, na san kayana, da ido zan tsince su."

Ta tsince ɗin, ta zubar da duk wadda ta ga ruwanta ya gauraye, ta ɗauka ta gama. Sauran Erdal ya loda a mota ya kai shaguna da kasuwar Lahadi, suka ƙare kamar ana rabawa kyauta.

Bayan abin Perihan ma'aikatan lafiya suka zo da safar hannu suka kwashe rumfar. Aka yi sanarwa a masallaci bayan Juma'a, aka yi a rediyo, aka manna hoton takardar a tagogin shaguna: duk mai kwalba da fuskar wannan mata kada ya buɗe, ya dawo da ita. Matan da suka shekara suna roƙon ta ta koya musu yadda take ajiya suka riƙa zuwa da kwalba a leda, riƙe nesa da jiki. Wasu ko sallama ba sa yi, a bakin ƙofa suke ajiyewa su juya. Erdal ya rame a 'yan kwanakin nan, yana bin gida-gida daga Merbein har Robinvale. Perihan dai ta rayu, amma sai da ta yi watanni a kan injin, kuma har yau idan tana magana sai ka matsa kusa kafin ka ji. A lokacin ba mu san za ta tashi ba. Nazmiye ta daina fita ko tsakar gida, Remzi ya daina cin abinci in ba burodi da shayi ba.

Ranar jajibiri, na idar da sallar asuba ke nan ina ɗora shayi, sai ga ta a ƙofar kicin ɗina, da kallabin unguwa da takalmin fita.

"Gulizar, a-kori-kurar nan taki da mai a ciki?"

"Ina za mu da sassafe haka, Yaya? Ko ragon layya bai farka ba."

"Akwai kwalba ɗaya da ba za ta dawo ba."

"Haba dai. Kowa ya ji sanarwa. Kurma ma ya ga hotonki a tagar shago."

"Ba hotona a jikinta," ta ce. "Na jiƙa ta a ruwan ɗumi, na ɓare takardar da farcena. Nurten na aika wa."

Sai na kashe wutar shayin.

Nurten 'yarta ce, yayar Erdal. Tana da yarinya ɗaya, Selin, da ba ta kai shiga makaranta ba. Wata rana a lokacin tsinkar ganye Nurten ta bar wa uwarta yarinyar ta tafi aiki. Nazmiye ta shiga da ita cikin gona, ta zaunar da ita a inuwa, ta fara tsinka. Wanda ya taɓa tsinkar ganye ya san yadda yake, kana ganin mai kyau a gabanka sai ka hango wanda ya fi shi a gaba. Ko da ta waiwayo babu yarinya. A magudanar ruwan ban-ruwa aka same ta, wurin da aka sa raga don tare ciyawa. Bayan jana'iza Nurten da mijinta suka kwashe kayansu suka koma Broken Hill, ya sami aiki a mahaƙar ma'adinai, suka canja waya. Shekaru suka wuce ba ta tako garin nan ba, ba ta kuma bar wa kowa hanyar nemanta ba.

"Ta yaya kika san gidan?" na ce.

"Direban nan mai kai lemo can. Shi ya gan ta tana shara a ƙofa, ya zo ya faɗa min. Na ba shi kwalbar na ce ya ajiye a bakin ƙofa, kada ya ce daga wa. Da hotona a jiki ai ko ƙofar ba za ta ƙetare ba."

"Wacce kika zaɓa mata?"

Ta dubi ƙasa. "Mai ƙananan ganye. Masu laushin nan."

Ban taɓa ɗaga wa Nazmiye murya ba, ta girme ni kuma ita ta karɓe ni lokacin da na zo ƙasar nan ko gaisuwa ban iya da harshensu ba. Amma ranar na ɗaga. Na ce tun ranar da Perihan ta faɗi kike zaune da wannan magana a ciki, kina kallonmu muna ƙirga kwalaben mutane? Na ce wace irin uwa ce ke? Na ga maganar ta shige ta, ban kuma janye ba.

"Na nemi direban, an ce ya tafi hutu Queensland," ta ce a hankali. "Na yi ta ce wa kaina ta farin zare ce. Idan na buɗe baki na faɗa wa Remzi, me zan ce? In ce na ɗauke mata ɗaya, yanzu na aika in ɗauko ita ma? Sai yau da na idar da salla na tuna jajibiri ne. Duk yarinyar da ta tashi a hannuna yau take naɗe sarmar Sallah."

Ba ta san sunan titi ba, ba ta san lamba ba. Gida ne mai koren ƙofa kusa da wani babban tankin ruwa, iyakar abin da direban ya faɗa ke nan. Na tsallaka na tada Erdal, na ce ya kira 'yan sandan can ya ba su sunan mijin, su bincika. Ya tsaya da baki buɗe kamar wanda aka mara. Kafin in dawo Nazmiye ta riga ta shiga mota ta rufe ƙofa.

Daga ka wuce Wentworth babu komai sai jar ƙasa da gajerun itatuwa da awakin daji, sai mushen kangaru da manyan motoci suka bige. Motar marigayi mijina ce, ba ta da na'urar sanyi, iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe tanda. Nazmiye tana jan carbi, amma na san ba ta san abin da take faɗa ba, don idonta yana kan rana.

"Taka mana, Gulizar."

"Na taka har ƙasa, Yaya. Motar nan ta girmi Erdal, kuma ta fi shi hankali, ba ta yin abin da ya fi ƙarfinta."

Ba ta yi dariya ba. Can ta ce, "Ni na koya mata. Da safe a wanke shinkafa, a soya albasa, a bar haɗin ya huce. Sai rana ta ɗaga ake buɗe ganye."

"To muna da lokaci."

"Tana da sauri. Tun tana ƙarama ba ta iya jira."

Muka ƙara nisa. Sai ta ce, kamar ba da ni take ba, "Gishiri na rage don kada mutum ya mutu." Na miƙa mata gorar ruwa, ta ture.

Rana ta kusa tsaka muka shiga garin. Tankin ruwa ba ɗaya ba ne a Broken Hill, koren ƙofa kuwa sai ka ce rabawa aka yi. Na buga gidaje biyu na sha kallo, a na biyun har kare aka saki a kaina. Na tsaya a gidan mai na kwatanta Nurten, wata mata ta ce ta san mai kallabi da ke aiki a kantin magani, ta nuna mana bayan tudu. Tun kafin in kashe mota na san mun zo, don ƙanshin soyayyar albasa da na'ana'a ya cika titin. Nazmiye, da gwiwarta ba ta barin ta hawa matakala, ta riga ni isa ƙofa tana dukan ragar sauro da ke gaban ƙofar da tafin hannu.

Nurten ta fito. Ta yi furfura a gaban kai, ta rame, hannayenta jiƙe, ƙwayoyin shinkafa manne a yatsunta. Ta dubi uwarta sau ɗaya, sannan ta mayar da idonta kaina ta bar shi a nan.

"Goggo Gulizar. Wa ya mutu?"

"Kin ɗanɗana?" in ji Nazmiye. "Ganyen, Nurten, kin sa a baki?"

"Wa ya mutu, Goggo?"

"Ba wanda ya mutu. Amsa mata, don Allah. Kin ɗanɗana ganyen?"

"Na ɗanɗana mana. Wa ke naɗi bai ɗanɗana ba?"

Nazmiye ta kama ƙarfen ƙofa ta sulale har ta zauna a kan dakali. Ni kuwa ban nemi izini ba, na ture ragar na wuce Nurten na faɗa kicin. Ga faranti an jera sarma rabi, ga ganye a kwano cikin ruwa, ga kwalba a buɗe a gefen tebur. Na ɗaga ta na duba. Ta shago ce, irin da ake kawowa daga waje, da takardarta mai hoton gona da rubutu harshe uku.

Na fito da ita a hannu na nuna wa Nazmiye, na ce ba taki ba ce. Sannan na yi wa Nurten bayani a tsaye, daga hawan jinin babanta da jan zare har zuwa Perihan da injin numfashi. Ta saurara tana goge hannu da gefen riga, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Perihan matar mai shagon nama? Allah sarki. Allah ya tashi kafaɗarta."

"Amin. Yanzu ina wadda aka ajiye miki a ƙofa? Wadda ba takarda a jiki?"

"Au, waccan." Ta ɗan yi wani murmushi da ban so ba. "Tun daga taga na gane ta, Goggo. Wa ke naɗe ganye dami-dami ya tsayar da su, sannan ya danne sama da reshe biyu gicciye? An ɓare takarda, an ɗauka ni jaka ce."

"Tana ina?"

"Ganye fa, Goggo." Muryarta ta fara rawa, ta danne. "Duk abin da ke duniyar nan, a rasa abin da za a aiko min sai ganye."

"Nurten, tana ina?"

"Ba ta shiga gidana ba. Na ɗauke ta da tsumma na jefa a kwandon shara na waje. Washegari motar shara ta tafi da ita."

Nazmiye ta ɗago kai daga inda take zaune. "Rantse ba ki buɗe ba."

A karo na farko Nurten ta amsa mata kai tsaye. "Wallahi ko murfin ban taɓa ba."

"Alhamdulillahi," in ji Nazmiye. Ta ɗaga hannaye sama, hawaye na zuba har cikin kallabi. "Alhamdulillahi. Kin kyauta, 'yata. Kin kyauta, Allah ya yi miki albarka."

Nurten ta tsaya tana kallon uwarta. Na ɗauka za ta durƙusa, ko ta ce mu shigo mu huta, don ko baƙon da ba ka sani ba ba a barin sa a ƙofa a irin wannan rana. Ta shiga ciki, ta dawo da gorar ruwa biyu masu sanyi, ta miƙa min dukansu.

"Hanya da zafi, Goggo. Baba fa?"

"Yana nan. Ya tsufa."

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi kwalbarta daga hannuna, ta ce shinkafarta za ta bushe, ta ja ragar, sannan ta rufe koren ƙofar a hankali. Na tsaya ina jin haushinta da tausayinta lokaci ɗaya, ban san wanda ya fi ba. Sai na kama Nazmiye na ɗaga ta, na kai ta mota.

Na tsaya a gidan mai na kira Erdal na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, na ji yana kuka a waya kamar yaro. Muka kama hanya. Nazmiye ta rungume gorar ruwan a cinyarta, ba ta sha ba, carbin ma ta mayar da shi aljihu. Gidajen ƙarshe suka wuce, jar ƙasa ta dawo. Da muka yi nisa ta yi magana, muryarta ras take, ba kuka a ciki.

"Gulizar, tun ranar da aka binne yarinyar nan addu'a ɗaya nake yi. Kowace salla, goshina a ƙasa, ina cewa ya Allah ka sassauta zuciyar Nurten a kaina, ko da kaɗan ne, ko da ta karɓi abu ɗaya daga hannuna." Ta juya gorar a cinyarta. "Da ya amsa min, da ni na kashe ta."

Na ce, "Yaya, ki yi shiru haka nan."

"A'a, tambayarki nake yi, ke kin fi ni karatu. Gobe Sallah, zan sa goshina a ƙasa. Yanzu me zan roƙa?"